Raɗe-Raɗin Sabon Babban Inji A Amurka: Wace Mota Ce Za Ta Biya Kuɗin Ƙera Shi?

A cikin watan Satumba na shekarar 2020 ne shugaban ƙungiyar ƙwadago ta Unifor ta ƙasar Kanada na wancan lokaci, Mista Jerry Dias, ya tsaya gaban 'yan jarida domin bayyana yarjejeniyar da ƙungiyarsa ta cimma da kamfanin motoci na Ford. Babban labarin da ya zo da shi shi ne jarin kimanin dalar Kanada biliyan 1.8 da za a zuba a masana'antar Oakville domin ta koma ƙera motoci masu aiki da lantarki. To amma a cikin bayanin nasa sai ya jefa wata magana wadda ta fi wancan labari cin dogon zango. Ya ce masana'antar injuna ta birnin Windsor, wadda aka ware wa dala miliyan 148, za ta soma ƙera wani sabon inji mai girman lita 6.8, har ma ya ambaci motoci biyu da za a ɗora wa injin, wato a-kori-kurar nan F-150 da kuma motar gudu Mustang. Shi kuwa kamfanin Ford sai ya ja bakinsa ya yi gum, kamar yadda kamfanonin motoci suka saba game da hajar da ba ta kai ga fitowa kasuwa ba.

Kafin a ce kwabo, mujallun motoci na Amurka sun ɗauki zancen sun yi ta yi masa ƙari. Wannan ya ce injin zai zo da na'urar cusa iska, wancan ya ce za a zuba gangar jikinsa da alminiyam domin ya yi sauƙin nauyi, wani kuma ya ba shi ƙarfin dawakin da ko masu ƙera shi ba su yi mafarkinsa ba. Shekara biyu cur aka yi ana wannan shaci-faɗi. Tun da irin wannan raɗe-raɗi ya sake tasowa a shekarar 2025 game da kamfanonin Stellantis da General Motors, ya dace ɗan kasuwa ya waiwayi yadda wancan ya ƙare, domin akwai ƙa'idar da ke yanke hukunci a kan waɗannan jita-jita, kuma ƙa'idar ta lissafin kuɗi ce.

Da farko dai a fayyace abin da ake magana a kai. Injin da ake kira V8 shi ne mai silinda takwas da aka jera huɗu-huɗu a sahu biyu, wanda kanikawa a Nijeriya ke cewa mai fulogi takwas, ko da yake wannan ƙirga ba kullum take daidai ba, domin injin Hemi na Chrysler fulogi bibbiyu gare shi a kowace silinda. Litar da ake ambata kuwa ba ta tankin mai ba ce, ma'aunin sararin da fistin-fistin ɗin injin ke sharewa ne idan aka haɗa su jimla. Galibin ƙananan motocin da ke yawo a titunan Legas da Abuja ba su wuce lita biyu zuwa biyu da rabi ba, saboda haka mai karatu zai iya ƙiyasta ƙoshin inji mai lita 6.8. Motocin da Amurkawa ke yi wa laƙabi da masu ƙwanji kuma su ne matsakaitan motoci da ake cusa wa irin wannan ƙaton inji domin gudu da ruri. An fi danganta farkonsu da Pontiac GTO ta shekarar 1964, shekarar da ita ma Mustang ta fito, suka yi tashe na 'yan shekaru, sannan dokar tsaftace iska ta 1970 da tsadar inshora da takunkumin man ƙasashen Larabawa na 1973 suka taru suka karya lagonsu.

A cikin Satumban 2022 aka yi walƙiya. A tsakanin mako biyu kamfanin Ford ya baje sabbin motoci guda biyu. Ta farko ita ce Mustang ƙarni na bakwai, wadda ta zo da inji mai silinda huɗu na lita 2.3 da kuma V8 ɗin da aka saba da shi mai lita 5.0, wanda ake kira Coyote. Ta biyu ita ce babbar a-kori-kura Super Duty ta 2023, kuma a cikinta ne aka tarar da injin nan mai lita 6.8. Ashe ƙanen wani inji ne mai lita 7.3 da ake yi wa laƙabi da Godzilla, wanda aka soma sa wa Super Duty ta 2020. Faɗin silindarsu ɗaya, an dai rage tsawon tafiyar fistin ne. Ƙarfinsa na dawaki 405 ne, ƙasa da 430 na yayansa, kuma shi ne inji mafi araha a jerin, wanda aka tanada domin kamfanonin gine-gine da hukumomi da manoma masu sayen motoci garke-garke. Har aka shiga ƙarshen shekarar 2025 ba a ga wannan inji cikin Mustang ba, ba a gan shi cikin F-150 ba.

Ba za a ce Mista Dias ya yi ƙarya ba. Injin ya tabbata, girmansa ya tabbata, masana'antar ta tabbata, lokacin ma bai yi nisa da wanda ya faɗa ba. Waɗannan duka abubuwa ne da aka ware wa kuɗi. Abin da bai tabbata ba shi ne ɓangaren da ya fi daɗin ji, wanda kuma shi ne mujallu suka fi yayatawa.

Idan ba a manta ba, wannan ba shi ne karo na farko ba. A farkon shekarun 2000 Ford ya soma aikin wani babban inji da aka sa wa suna Hurricane domin ya kara da Hemi. Aka jingine aikin a 2005 lokacin da aljihun kamfanin ya soma ramewa, aka farfaɗo da shi a 2006 da sabon suna Boss, wai don sunan farko ya zama abin ƙyama bayan ɓarnar guguwar Katrina. A wancan lokaci ma an yi ta rantsuwa cewa Mustang za ta same shi, har ana zancen wani samfuri mai lita bakwai. Da injin ya fito da girman lita 6.2, a-kori-kura F-150 Raptor ta 2010 da Super Duty ta 2011 ne suka ɗauke shi, ya yi shekara goma sha biyu yana jan tirela da kayan gini, bai taɓa shiga Mustang ɗin da ake sayarwa a kanti ba. Wanda ya gaje shi a 2023 kuwa shi ne mai lita 6.8 ɗin nan. Jita-jita iri ɗaya sau biyu, sakamako iri ɗaya sau biyu.

Dalili na farko yana cikin alƙaluman ciniki. A shekarar 2024 Ford ya sayar da a-kori-kura samfurin F-Series sama da 765,000 a Amurka, alhali Mustang mai shan fetur ba ta wuce kimanin 44,000 ba. Wato duk Mustang ɗaya da ta bar kanti, a-kori-kura goma sha bakwai sun fita. Wannan Mustang ɗin ce fa aka ƙera sama da 600,000 a shekarar 1966 kaɗai. Shi kuwa sabon inji, kafin a sayar da ko guda ɗaya sai an kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli wajen zane da gwaji da kafa injunan zubi da na fiƙe ƙarfe da neman takardar amincewar hukumar kare muhalli. Wannan kuɗi ba ya raguwa don an ƙera kaɗan. Idan aka raba shi a kan injuna dubu ɗari-ɗari a kowace shekara, kason da zai hau kan kowace mota bai taka kara ya karya ba. Idan kuwa aka raba shi a kan dubu goma ko ashirin, sai farashin motar ya fi ƙarfin matashin da aka ƙera ta dominsa. Duk mai masana'antar da ya taɓa sayen injin niƙa ko na buga leda ya san wannan lissafi, bambancin kawai yawan sifirin da ke bayan adadin.

Da yake a-kori-kura ce mai biya, ita ce ke zaɓen siffar injin. Mai jan tirelar shanu ko injin haƙa yana bukatar ƙarfin ja tun inji yana juyawa a hankali, da juriyar zafi na awoyi, da sauƙin gyara. Shi ya sa aka zuba gangar Godzilla da baƙin ƙarfe, aka ba shi kamshaf guda ɗaya a tsakiya irin na da, wanda ke tura bawul da sanduna. Motar gudu kuwa tana son inji marar nauyi mai saurin juyawa, domin nauyi a kan ƙafafun gaba yana ɓata mata shan kwana. Coyote na alminiyam ne, da kamshaf huɗu a sama, kuma a cikin Mustang Dark Horse yana ba da ƙarfin dawaki 500, wato ya ɗara mai lita 6.8 da kusan ɗari duk da ya fi shi ƙanƙanta. Babu wani akanta da zai sa hannu a kashe kuɗin gwajin karo da na hayaƙi domin a sa wa mota injin da ya fi nata nauyi ya kuma gaza shi ƙarfi. Abin da Ford ya yi wa masu sha'awa shi ne ya riƙa sayar musu da injin lita 7.3 a cikin akwaku, kowa ya je ya ɗora wa tsohuwar motarsa da kuɗinsa. Ribar ta shigo, ɗawainiyar ta koma kan mai saye.

Sai kuma doka, wadda a Amurka ta daɗe tana nuna wa a-kori-kura gata. Tun shekarar 1964 akwai harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin ɗaukar kaya da ake shigowa da su daga waje, harajin da ya samo asali daga rikicin cinikin kaji da ƙasashen Turai, wanda kuma ya zama katangar da ta kare ribar kamfanonin Detroit shekara da shekaru. Dokar 1975 ta wajabta wa kowane kamfani cimma wani matsakaicin ma'auni na tsimin mai a kan dukkan motocin da ya sayar, amma ma'aunin a-kori-kura ya fi na ƙananan motoci sassauci. Dokar 1978 ta ɗora harajin zarin mai, wanda daga baya aka ƙara shi ya koma daga dala 1,000 har zuwa 7,700, a kan ƙananan motocin da ba sa cin mil 22.5 da galan ɗaya, ta kuma tsame a-kori-kura da jif. Manyan a-kori-kura irin Super Duty, waɗanda nauyinsu da kaya ya haura kimanin kilo 3,850, suna ƙarƙashin wani tsari ne dabam, ko takardar shan mai ba a liƙa musu a gilashi. Saboda haka inji ɗaya tak, in aka sa shi cikin Mustang ya jawo haraji, kafin Yulin 2025 ma har da tara, in aka sa shi cikin Super Duty ya wuce salin-alin. Ba sai an yi duba ba kafin a san inda zai sauka.

Wani zai ce ai akwai injunan da suka yi aiki a ɓangarorin biyu, kuma gaskiya ne. Sabon Hemi mai lita 5.7 ya fito a 2003, ya shiga Chrysler 300C da Dodge Charger da Challenger, har ya haifi Hellcat mai ƙarfin dawaki 707 a 2015. Zuriyar ƙaramar ganga ta Chevrolet, wadda ta faro a 1955 kuma aka yi bikin ƙera na miliyan ɗari a 2011, ita ce ke cikin Corvette da Camaro da Silverado baki ɗaya. To amma waɗannan misalai ƙarfafa hujjar suke yi. A cikin manyan a-kori-kurar Ram aka fara sa Hemi kafin ya shiga kowace motar gudu. Injin LS1 kuwa, ko da yake Corvette ta 1997 ce ta fara fito da shi, miliyoyin 'yan'uwansa da aka zuba cikin a-kori-kura daga 1999 ne suka mayar da kuɗin. Motar gudu takan sami babban inji ne idan tun ranar zanen farko an yi shi da ita a zuciya, kuma akwai motar aiki da za ta ɗauki nauyin masana'antar. 'Yar rakiya ce, ba ita ke da tafiyar ba.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna raɗe-raɗin shekarar 2025. Kamfanin Stellantis, wanda ya mallaki Dodge da Ram da Jeep tun 2021, ya rufe ƙera tsofaffin Charger da Challenger a Disamban 2023, ya kuma cire Hemi daga Ram 1500 ta 2025, ya maye gurbinsa da inji mai silinda shida na lita uku da turbo biyu, wanda shi ma, abin mamaki, Hurricane aka sa masa suna. Akwai dalilin kuɗi a bayan wannan mataki, domin a 2023 an bayyana cewa kamfanin ya biya tarar dala miliyan 235.5 saboda gaza cika ma'aunin tsimin mai na shekarun 2018 da 2019, General Motors kuma ya biya miliyan 128.2 na wasu shekarun. Sai dai kasuwa ba ta yi na'am ba. Cinikin a-kori-kurar Ram ya faɗi da kimanin kashi 16 cikin ɗari a 2024, ko da yake tsadar farashi da jinkirin fitar da sababbin samfura su ma suna da hannu a ciki. Sabuwar Charger mai lantarki, wadda aka sa wa na'urar kwaikwayon rurin inji, ita ma kasuwarta ba ta yi armashi ba. Shugaban kamfanin, Mista Carlos Tavares, ya ajiye aiki a farkon Disamban 2024, aka dawo da Mista Tim Kuniskis ya riƙe Ram, kuma a watan Yunin 2025 ya fito fili ya amsa cewa sun tafka kuskure, ya sanar da dawowar Hemi.

Akwai abin lura a nan ga duk mai nazarin halayyar masu saye. Hemin da aka dawo da shi ƙarfin dawaki 395 gare shi, Hurricane na gama-gari kuwa 420. Duk da haka sai kamfanin ya sa wa Hemi ƙarin kuɗi har dala 1,200 a wasu samfura, kuma ya ce an yi odar sama da 10,000 a cikin awa ashirin da huɗu. Mutane sun yi layi suna biyan ƙari domin injin da ya fi rauni ya kuma fi shan mai. Wasu ruri suke saye, wasu kuma, musamman masu sana'a, sun fi amincewa da injin da ba shi da turbo wanda bakaniken ƙauyensu ya sani ciki da bai. Ko wanne ne dalilin, babu kamfanin da zai ga irin wannan riba a kan tsohon inji wanda tuni ya mayar da kuɗin kafa shi, ya kau da kai.

Daga nan ne zance ya koma kan cewa Charger ita ma za ta sami V8, har wasu na hasashen sabon Hemi mafi girma. Kashi na farko na wannan hasashe yana da ƙafar tsayawa, kashi na biyu ba shi da ita. Dawo da tsohon inji daga masana'antar Saltillo ta ƙasar Meziko abu ne mai sauƙin kuɗi. Ƙera sabo fil daga tushe kuwa sai an ga kuɗinsa a rubuce, kuma a cikin shirin zuba jarin dala biliyan 13 da Stellantis ya sanar a Oktoban 2025, sabon injin da aka ambata da suna mai silinda huɗu ne, za a ƙera shi a Kokomo ta jihar Indiyana. Haka kuma, tun da Charger mai silinda shida ta kai ƙarfin dawaki 550, sa mata Hemi mai 395 ba zai yi ma'ana ba. Idan V8 zai koma cikinta, hankali ya fi karkata ga mai na'urar cusa iska irin Hellcat, a tsadance, a kuma ƙididdige, domin masu hannu da shuni. Matashin ma'aikacin da ya sayi GTO da albashinsa a 1964 ba shi da magaji a wannan kasuwa.

Labarin General Motors ya sha bamban, domin a nan kuɗin a bayyane suke. A Janairun 2023 kamfanin ya ware dala miliyan 854 domin ƙarni na shida na V8 ɗinsa, miliyan 579 daga ciki a masana'antar Flint ta jihar Mishigan. A Mayun 2025 ya ƙara miliyan 888 a masana'antar Tonawanda da ke kusa da birnin Buffalo, inda a da aka yi alkawarin zuba miliyan 300 domin kayan motocin lantarki. Jimla ta haura dala biliyan 1.7, kuma sanarwar ta ce a 2027 za a soma ƙerawa a Tonawanda, domin manyan a-kori-kura da manyan jif. Wannan ba jita-jita ba ce. Jita-jitar ita ce girman litar da mujallu suka yi ta cacar baki a kai cikin 2025, da kuma batun dawowar Camaro, wadda aka daina ƙerawa a ƙarshen 2023. Corvette dai ta saba cin gajiyar wannan zuriya ta injuna tun 1955. Camaro kuwa matsalarta ba ta rashin inji ba ce, domin tana da V8 mai kyau a ranar da aka rufe layinta. Masu saye ne suka yi ƙaranci, kuma sabon inji ba ya ƙera gangar mota ko ya biya kuɗin layin harhaɗa ta.

Abin da ya buɗe wa duk waɗannan ƙofa shi ne sauyin siyasa a Washington. Dokar haraji da kashe kuɗi da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ran 4 ga Yulin 2025 ta mayar da tarar gaza tsimin mai sifiri, ta kuma kawo ƙarshen rangwamen dala 7,500 ga masu sayen motar lantarki daga ƙarshen Satumban shekarar. Kamfanoni suka juya akala ba tare da ɓata lokaci ba. Ford, wanda sashensa na motocin lantarki ya yi asarar dala biliyan 4.7 a 2023 da biliyan 5.1 a 2024, ya sanar a Disamban 2025 cewa zai shafe kimanin biliyan 19.5 daga littattafansa ya kuma daina ƙera F-150 Lightning mai lantarki zalla. Ita kuwa masana'antar Oakville, wadda Mista Dias ya yi shelar za ta zama cibiyar motocin lantarki, tun a Yulin 2024 Ford ya ce Super Duty za ta koma ƙerawa. Babban labarin ranar nan ta 2020 ya rushe, ƙaramar maganar inji ce ta tsaya da ƙafarta.

Wani hanzari ba gudu ba, masu murnar dawowar V8 suna gina dogon buri a kan gajeren tushe. Zuriyar inji takan yi shekara goma sha biyar zuwa ashirin a kasuwa, wa'adin shugaban Amurka kuwa shekara huɗu ne, kuma tarar da majalisa ta soke wata majalisar tana iya mayar da ita. Fetur ya tsaya a wajen dala uku kowane galan a 2025, harajin tarayya a kansa bai motsa daga santi 18.4 ba tun 1993, amma a tsakiyar 2022 galan ya taɓa dala biyar, kuma a 2008 tsadar mai da durƙushewar bashi sun taru sun kai General Motors da Chrysler kotun fatara a shekarar da ta biyo. Shugabannin kamfanonin sun san wannan tarihi fiye da kowa. Shi ya sa suke zuba kuɗi a injin da zai iya rayuwa cikin motar aiki ko da doka ta sake tsananta, suke kuma ɗari-ɗari da duk abin da motar gudu kaɗai za ta ci moriyarsa.

Ɗan kasuwar Nijeriya yana da ruwa a wannan zance, domin Amurka na cikin manyan wuraren da motocin tokumbo ke fitowa, kasancewar sitiyarinsu na hagu ya dace da hannun da ƙasar ta koma tun 1972. Abin da Detroit ta ƙera bana shi ne zai sauka tashar Tin Can bayan wasu shekaru, shi ne kuma zai tsara kayan gyaran da za a nema a Ladipo. A nan akwai rarrabuwar hanya. Kamfanonin Japan, waɗanda manyan jif ɗinsu suka mamaye ayarin manya a Abuja, sun bar V8 a sababbin manyan jif da a-kori-kurarsu. Land Cruiser 300 ta 2021 da Lexus LX 600 da Tundra ta 2022 da Nissan Patrol ta 2024 duk silinda shida gare su da turbo biyu. Saboda haka mai neman sabon V8 nan gaba zai ƙara dogara ne ga motocin Amurka, waɗanda kayan gyaransu da kanikawansu ba su kai na Toyota yawa ba. Ga kuma batun mai. Kafin cire tallafi ran 29 ga Mayun 2023, cika tanki mai lita ɗari bai kai naira 20,000 ba. Da lita ta haura naira 1,000 a wasu birane cikin 2024, tankin nan ya koma naira 100,000. Arahar man da ta sa Ba'amurke ke neman lita 6.8 ba ta biyo motar cikin jirgin ruwa.

Akwai dai wata kafa da ta cancanci nazari ga masu motocin aiki. Ford yana sayar da injin lita 7.3 da wani tanadi na musamman na bawul masu tauri domin a iya mayar da shi mai aiki da iskar gas, kuma tun 2023 gwamnatin tarayya ke tallata komawa ga iskar gas a harkar sufuri. Babban inji marar turbo, mai sauƙin gini, ya fi karɓar irin wannan juyi fiye da ƙaramin inji mai matsi da na'urori barkatai.

Kada kuma a ɗauka cewa yawan silinda shi ne lafiyar inji. A Mayun 2024 Toyota ya yi kiranyen kimanin motoci 102,000 samfurin Tundra da Lexus LX na 2022 da 2023 saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya saura cikin sabon injin mai silinda shida, daga baya ya ce zai sauya injunan ɗungurungum. A Afrilun 2025 General Motors ya yi kiranyen kusan motoci 600,000 a Amurka masu V8 na lita 6.2, na shekarun 2021 zuwa 2024, ciki har da Escalade da Tahoe da Suburban da Yukon, saboda lahani a karanshaf da sandunan fistin. Motocin waɗannan shekaru su ne ke shiga kasuwar gwanjo ta Amurka, daga can kuma su hau jirgi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar tana da shafin intanet inda ake shigar da lambar shasi mai harufa da lambobi goma sha bakwai a ga ko an yi wa mota gyaran kiranye ko ba a yi ba, kuma kyauta ne. Motar da ta baro Amurka ba a yi mata ba, mai ita ne zai sayi sabon inji da nairarsa.